Faifan RDX ko Kaset ɗin LTO?

Dukansu kayan adana kwafin bayanan kwamfuta ne don gudun asara. Idan ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, a RDX nan take za ka lalubo shi, domin faifan kwamfuta ne a cikin kwanso mai jure faɗuwa. Kaset kuwa sai na'ura ta wara zaren har ta iso wurin, kana zaune kana jira.

Amma wajen ɗaukar kaya, kaset ya yi wa faifai fintinkau. LTO-9, samfurin kaset na 2021, yana cin terabait 18, kuma yakan kai shekara 30 a ajiya mai sanyi marar laima. Na'urarsa ce ke da ɗan karen tsada, ga shi ba ta karanta kaset ɗin da ya girmi LTO-8, samfurin da ya gabaci LTO-9.

Ƙaramin ofis mai saba guda (kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis), ni dai RDX zan ba shi.