Kati, Hoton Bango ko Littafi: Wanne Za Ka Saya wa Yaro Mai Koyon cat, hat da mat?

Duk lokacin da aka koma makaranta, layin masu littattafai a kasuwar Sabon Gari yakan cika da iyaye riƙe da takardar da malamai suka rubuto, kuma da wuya ka ga takardar 'yan nazare ko aji ɗaya na firamare da ba ta nemi wani abu na koyon gajerun kalmomin Ingilishi masu ƙarshe iri ɗaya ba. Su ne irin su cat, hat, mat, rat da bat, wato kyanwa, malafa, tabarma, ɓera da jemage, ko kuma hen, pen da ten, wato kaza, biro da goma. Hikimar tsarin ita ce idan yaro ya riƙe ƙarshen kalma, harafin farko kawai zai riƙa sauyawa ya sami sabuwar kalma, kamar yadda almajiri yake sanin babbaƙu sannan a ɗora masa farfaru ya fara haɗa baƙi da kansa. Kaya huɗu za a fi nuna maka a kasuwa: hoton bango, manhajar waya, ƙaramin littafi, da kwalin kati.

Hoton bango yana ƙawata ɗaki, amma cikin mako biyu yaro zai haddace shi kamar waƙa, ya rera maka shi daga sama har ƙasa yana kallon taga. Manhajar waya kuwa tana cin data da caji, kuma sau da yawa talla ce take janye hankalin yaron.

Kwalin kati shi ne abin da nake ba kowa shawara ya saya, amma ina nufin wanda aka raba ƙarshen kalma a kati guda, haruffan farko kuma kowanne da nasa katin. Ka ajiye katin at a kan tabarma, yaro ya ɗauko c da hannunsa ya jingina, ka tambaye shi abin da ya fito, sannan ya cire ya sa m. Tun da kai ne kake cakuɗa katunan, babu jerin da zai haddace, dole ya kalli harafin ya furta sautinsa. Amfaninsa ga ɗan Bahaushe ya ma fi haka, domin harshenmu bai bambance p da f ba, shi ya sa pump ya zama famfo, pin ya zama fil. Da kati sai ka jera pan da fan kusa da juna, ka nuna masa cewa ɗaya kasko ne ɗaya fanka ce, kuma leɓe yana rufewa gaba ɗaya a na farko, a na biyu kuwa haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Haka nan yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, abin da ya mai da bucket bokiti, cup kuma kofi, don haka yaro zai so ya ƙara wasali a bayan dog ko pot. Idan ya ga cewa babu sauran kati bayan og, zai fahimci inda kalmar ta tsaya ba tare da dogon bayani ba.

Ka nemi kati mai kauri wanda aka lulluɓe da leda, domin hannun yaro ba ya rabo da ruwa da maiƙo. Ka tabbatar ƙananan haruffa ne a kai, saboda wasu kwalayen manyan haruffa zalla suke ɗauke da su alhali littafin karatu da ƙanana ake buga shi. Idan makarantar yaronka tana bin tsarin Jolly Phonics, wanda ya kasa sautukan Ingilishi gida 42 kuma yake farawa da s, a, t, i, p, n, to ka ƙirga ka ga waɗannan shida sun cika, domin daga cikinsu kaɗai ake fitar da sat, pat, tin, pin da pan. Ni kuma nakan sa alƙalamin maka in rubuta ma'anar Hausa a bayan katin hoto, musamman ga kalmomi masu ma'ana biyu: can gwangwani ne kuma yana nufin iyawa, bat jemage ne kuma sandar buga ƙwallo ce a wasan kurket, wanda yawancin yaranmu ba su taɓa gani ba.

Littafi mai kyau yana da amfani bayan kati, domin shi yake sa kalmomin cikin jimla. Sai dai a nan ne na taɓa ƙonewa, kuma har yau abin yana damuna. Na sayi wani ƙaramin littafi a hannun mai talla a bakin danja saboda arha da kyawun bango, na miƙa wa 'yata ban buɗe ba. Bayan kusan wata guda sai na ji tana nuna fankar ɗaki tana cewa pan, da na duba sai na tarar haka aka buga a ƙarƙashin hoton. A wani shafin an zana zakara da zankonsa an rubuta hen, shafuka huɗu na tsakiya kuma babu su sam, an maimaita na farko a gurbinsu. Gyara abin da ta riga ta riƙe ya ɗauke mu lokaci fiye da wanda koyon ya ɗauka.

Littattafan satar bugu sun yi yawa, kuma suna da alamomi. Takardarsu sirara ce har rubutun baya yana leƙowa, launin hoto yakan zame daga kan zanen, tawada tana bin yatsa idan ka goga, ɗinkin tsakiya kuma yakan saki tun a shago. Ka juya bayan littafi ka nemi lambar ISBN mai alƙaluma 13, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa yake bayarwa ga littattafan da aka wallafa a Nijeriya, ka kuma nemi sunan kamfanin ɗab'i da adireshinsa. Masu sata suna kwafar lambar tare da bangon, saboda haka ganinta bai isa hujja ba, amma rashinta ya isa ka ajiye littafin. Idan mai shago ya ce, “Alhaji, duk ɗaya ne, wannan dai ya fi sauƙi,” ka roƙe shi ya kawo maka mai tsadar ka buɗe su shafi da shafi a gabansa. Kati ma ana yin na jabu, inda za ka sami b biyu babu d, don haka kada ka karɓi kwalin da aka hana ka buɗewa.

Ka kuma karanta kalmomin da kanka, domin ma'ana tana sauyawa da zamani. A shekarar 2023 hukumomi a Kano sun hana amfani da littafin koyon karatun Ingilishi mai suna Queen Primer a makarantu, bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a kan kalmar gay daga jerin day, hay da way wadda a da take nufin mai fara'a, yanzu kuma aka fi saninta da wata ma'anar dabam. Sannan ka lura ko marubucin ya san cewa kamannin ƙarshe ba kullum yake nufin kamannin sauti ba: put ba ya tafiya da but da cut, cow ba ya tafiya da low, bear kuma ba ya tafiya da hear. Littafin ko kwalin da ya jera waɗannan a layi ɗaya ba tare da gargaɗi ba, ka mayar wa mai shago kayansa ka leƙa shago na gaba.