Saitin tanki biyu na tafiyar da motar gas da man suya: sharhi bayan amfani

Saitin yana aiki. Marsandi 307D mai injin OM616, silinda huɗu, lita 2.4, tana tafiya da tataccen man suya kusan yadda take tafiya da gas, kuma wanda ke zaune a gaba ba zai san an sauya ba sai ƙamshin suya ya biyo iska daga salansa. Sai dai abin da ke cikin kwalin bai kai rabin aikin ba. Sauran yana wurin man da za ka zuba da kuma halin direban da zai riƙe motar, kuma takardar bayanin da ta zo da kayan ta taƙaita ƙwarai a kan waɗannan biyun.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyada zalla, gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada saboda gyadar da ake nomawa a ƙasashen da ta mallaka a Afirka. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka hana man girki zama man mota tun daga lokacin shi ne kauri. A zafin digiri 40 na Salsiyos, kaurin gas yana tsakanin 2 da 4.5 a ma'aunin santistok, na man gyada ko na waken suya kuwa yana tsakanin 30 da 40, wato wajen ninki goma. Nozul, wato bakin da ke shigar da mai cikin inji, an yi shi ne ya fesa mai kamar hazo. In mai ya yi kauri sai ya fito ɗigo-ɗigo, ba ya ƙonewa duka, ragowar ta manne a bakin nozul da kan fistin ta zama gawayi. Idan aka ɗumama man zuwa digiri 70 ko 80 kaurin yana saukowa wajen 10 zuwa 12. Har yanzu bai kai sirantar gas ba, amma tsohon inji mai zafi yana iya cinye shi. Duk saitin an gina shi ne a kan wannan: a tayar da mota da gas, in inji ya yi zafi a koma man girki, kafin a kashe a dawo gas.

A cikin kwalin akwai tanki na biyu na alminiyam, da na'urar musayar zafi mai faranti-faranti wadda ruwan lagireto ke bi ta gefe ɗaya mai ta ɗaya gefen, da gidan filta mai ɗumi, da bawul biyu na lantarki masu baki uku-uku, ɗaya na man da ke zuwa inji ɗaya na wanda ke komawa tanki, sai tiyo, da makunni mai matsayi uku, da agogon zafin mai. Tankin da na'urar musayar zafin kayan kirki ne. Bawul ɗin ma ba laifi, kuma an yi dabara a nan, domin in fis ya ƙone ko waya ta tsinke suna komawa gas da kansu, ba za a tsaya a daji ba saboda waya. Kilip ɗin ɗaure tiyo kuwa na banza ne, irin masu yanka roba in an matse, a zubar da su a sayi masu faɗi. Tiyon mai da aka sako mai faɗin milimita 8 ne, ya yi wa mai kauri kaɗan a tazarar da ke tsakanin bayan mota da inji, milimita 10 ya fi. Kuma babu guntun tiyo mai nuna ciki, alhali shi ne abin da ya fi komai amfani wajen gano matsala. Sai ka saya da kanka, taƙi ɗaya kafin famfon injekta, wato famfon da ke tura mai zuwa nozul, taƙi ɗaya a layin komawa.

Haɗawa aikin yini biyu ne ga bakaniken da ya san injin gas. Ruwan zafi ana ɗauko shi daga layin hita, ya bi na'urar musayar zafi, ya bi gidan filta, ya koma. Bawul na farko a kafa shi kusa da famfon injekta iyakar iyawa, domin duk tiyon da ke tsakaninsu sai an wanke shi da gas a kowace tsayawa, in ya yi tsawo gas ɗin wankin ya ƙaru. Kada a sa bututun jan ƙarfe ko mahaɗar tagulla a layin man girki, haka nan kada a ajiye man a duro mai rufin tutiya. Waɗannan ƙarafa suna gaggauta lalacewar mai, sai ka buɗe filta ka tarar da wani koren danƙo ya toshe ta.

Wurin da saitin ya fi cin karo da al'adar garejinmu shi ne tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwan inji har sai ya yi zafi kafin ya sake shi zuwa lagireto. Sanannen abu ne cewa mota in ta shigo ƙasar nan, abin da ake fara yi mata shi ne a cire tamostat a jefar, wai an yi shi ne don ƙasar sanyi. Injin da ba shi da tamostat ba ya riƙe zafi daidai, da safe ko a kan doguwar gangara ruwansa yakan tsaya ƙasa da digiri 70, man da ke ɗaukar zafi daga ruwan kuma kullum yana ƙasa da shi da digiri 5 zuwa 10. Ka ga ke nan mai sanyi ake turawa inji mai sanyi, abin da aka sayi saitin don a guje masa. Kafin a taɓa komai a mayar da tamostat mai buɗewa wajen digiri 80. Sannan a wanke lagireto a daina zuba masa ruwan rijiya. Ramukan da ke tsakanin farantan na'urar musayar zafi ƙanana ne ƙwarai, tsatsa da ɓawon da ruwa mai gishiri ke bari suna toshe su cikin 'yan watanni. Alamar ita ce agogon ruwa ya nuna 80 amma na mai ya ƙi wuce 50, ka taɓa tiyon ruwan da ke fita daga na'urar ka ji shi ɗumi-ɗumi kawai.

Ba kowace motar gas ce ta dace ba, kuma masu sayar da kayan ba sa son nanata wannan. OM616 da ɗan'uwansa OM617 suna haƙuri ne saboda abu biyu. Nozul ɗinsu ba ya fesawa kai tsaye a kan fistin, yana fesawa ne cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki mai zafi inda mai ke fara kamawa. Famfon injektarsu kuma na Bosch ne mai jere, wanda baƙin man inji ke shafe cikinsa, don haka kaurin man da yake turawa bai dame shi sosai ba. Famfo mai juyawa man da yake turawa shi ne yake shafe shi. Na Bosch samfurin VE yana jurewa in man ya yi zafi sosai, amma na Lucas ko CAV an san shi da kamewa in mai mai kauri ya shige shi da sanyi, sandarsa ta karye nan take. Sabbin motoci masu injekta ta kwamfuta, irin Hilux ta zamanin nan da ke tura mai da matsin da ya haura bar 1,600, a bar su da gas ɗinsu. Injektarsu tana da tsada ƙwarai. Ko a tsohon injin ma, a kai nozul a gwada a kan benci tukuna. Na OM616 ya kamata su buɗe wajen bar 115 da feshi mai kyau, wanda ke zubar da ɗigo a canja shi.

Sai mai. Sabon man gyada ba zancensa ma, lita ɗaya tasa ta fi litar gas tsada a kasuwa, ko bayan tashin da gas ya yi a 2022 lokacin da ya ninka ya wuce naira 700. Riba tana cikin man da aka gama suya da shi ne kawai, shi kuma a nan ba ya yawa kamar a Turai da Amurka inda gidajen abinci ke neman wanda zai kwashe musu. Mai ƙosai da mai awara ba sa zubar da mai, ƙari suke yi a kai har ya ƙare. Inda ake samu sai manyan otal, da gidajen soya kaji da dankali, da masana'antun soye-soye. Wanda ba shi da tabbacin lita 100 a wata daga irin waɗannan wurare, kuɗin saitin ba zai dawo ba.

Man da ya zo daga kasko ɗauke yake da ruwa, da gishiri narke a cikin ruwan, da gari, da ƙonannen abinci. A fara tace shi da rariya da yadi yana da ɗumi, a zuba a baƙin duro mai lita 200 a rufe a bar shi a rana mako biyu ba a motsa ba. Zafin rana yana sirantar da shi, ruwa da laka su kwanta a ƙasa. Famfon ɗiba a huda shi santimita 20 sama da gindin duron, abin da ke ƙasa da nan ba na mota ba ne. Daga nan a bi da shi ta filta mai maikiron 10 (ma'aunin ƙanƙantar ramukanta ke nan), sannan mai 5 wadda ta fi ta ƙananan ramuka. Kada a matsa masa da famfo mai ƙarfi yana da zafi, domin kitsen kaji da na nama suna narkewa su wuce, su je su daskare a filtar mota. A tace na ƙarshe da sanyin safiya, kitsen zai tsaya a yadi.

Gwajin ruwa ba ya buƙatar na'ura. A ɗora kasko a wuta, a shafa masa ɗan mai har ya fara hayaƙi kaɗan, a zuba cokali biyu na man da ake son gwadawa. Mai tsabta yana bazuwa shiru. In ka ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa kamar ƙwayar gero, akwai sauran ruwa. In ya yi tsartsatsi kuwa, duron nan ya koma rana. Ma'aunin Jamus na man rapsid, wani man girki na Turai, da ake zuba wa inji, DIN 51605, bai yarda ruwa ya wuce miligiram 750 a kilo ba, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya a jarkar lita 5. Ruwa ne ke cinye cikin famfon injekta a hankali, ba tare da wata alama ba sai ranar da mota ta fara wuyar tashi. Man da ya yi baƙi ƙirin yana warin ɗaci shi ma a bar shi, asid ɗinsa ya yi yawa.

Yawancin abin da muke kira man gyada a jarka tataccen man kwakwar manja ne. Ga inji wannan ba aibu ba ne, domin bai kai man waken suya saurin yin danƙo ba. Matsalarsa barci. Da hunturu, dare ɗaya a Jos ko Zariya ya isa ya yi fari ya kama jikinsa a cikin tiyo. Saitin yana ɗumama filta amma ba ya ɗumama dogon tiyon da ke zuwa daga tanki, shi ya sa ya kamata a ɗaure tiyon mai jikin tiyon ruwan zafi a naɗe su tare da soso. A watannin sanyi kuma a zuba gas kashi 20 cikin ɗari a tankin man girkin.

A kan hanya, bayan kilomita 5 zuwa 8 agogon zafin mai yakan kai inda za a sauya zuwa man girki. Ƙarar inji tana ɗan laushi. Ƙarfi yana raguwa kaɗan a hawa da kaya, shan mai kuma yana ƙaruwa da abin da bai wuce kashi 5 zuwa 10 ba, wanda ya yi daidai da lissafi tunda ƙarfin da ke cikin litar man girki bai kai na litar gas ba. In mota ta fara shaƙewa a giya ta sama, kusan kullum ɗayan biyu ne: filta ta toshe ko iska na shiga. Mai mai kauri yana sa famfo ya ja da ƙarfi, mahaɗar da ba ta yoyo da gas sai ta fara tsotsar iska. A nan tiyo mai nuna ciki ke biyan kuɗinsa, kumfa za ka gani suna wucewa a jere. A ajiye filta biyu a mota, a watannin farko ana canja ta akai-akai.

Wankin layi kafin tsayawa shi ne inda direbobi ke kashe inji. Matsayi na uku a makunnin yana jawo gas amma yana mayar da abin da ya dawo cikin tankin man girki. Daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya sun isa a wannan motar, sannan a koma gas zalla a ƙara tafiyar kilomita 3. In aka manta makunnin a nan, gas ɗin duka zai ƙaura zuwa tanki na biyu har ya tumbatsa, kuma saitin ba shi da ƙararrawar gargaɗi, wanda babban rashi ne. In kuma aka kashe mota ba a wanke ba, da safe za a yi ta murza ta da mai mai sanyi, ɗanyen mai ya bi gefen fistin ya sauka cikin baƙin mai. Gas in ya shiga nan zafi yana kore shi, man girki ba ya tafiya ko'ina. Taruwa yake yi, ya haɗu da zafi da iska, wata rana baƙin man ya zama kamar kwalta ya toshe hanyoyinsa. Saboda haka a raba tazarar juyen baƙin mai biyu, mai yi a kilomita 5,000 ya koma 2,500, a kuma riƙa zaro sandar awo kowace safiya. In mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, a koma gas a duba nozul da ringin fistin. Doguwar tsayawa a silo da cunkoson cikin gari ma da gas za a yi su, domin inji marar nauyi ba ya ƙone man girki da kyau.

Motar da ke jigilar Kano zuwa Maraɗi ko Kaduna zuwa Sakkwato, mai tsohon injin Marsandi, wadda mai ita ke da inda yake samun mai da filin ajiye duro uku, saitin ya dace da ita, galibin gas ɗin da za ta sha na tashi da na tsayawa ne. Motar da ke yawon kai kaya daga kasuwar Singa zuwa Sabon Gari a cikin Kano tana tsayawa kowane minti goma, rabin tafiyarta a ɗumama da wanki za ta ƙare, kada mai ita ya saya.