Sharhi: Kayan shayin gongfu na tangaran mai gaiwan

Kayan sun zo da gaiwan mai cin mililita 120, da kofin rabo, da rariya, da ƙananan kofuna shida, da tiren gora mai ma'ajiyar ruwa a ƙasa. Gaiwan kwano ne mai murfi da ɗan faranti, shi ne ke zaman buta a salon gongfu na Chaozhou da Fujian a kudancin ƙasar Sin, wato jiƙa ganyen shayi a ɗan ruwa na ɗan lokaci, sau da yawa.

Tangaran ba ya riƙe ƙamshi, saboda haka a kwano ɗaya na jiƙa ganyen shayi iri biyu, Tieguanyin na Anxi da Pu'er na Yunnan, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ya ɓata wani ba. Butar yumɓu ta Yixing ba ta yarda da haka, ganye iri ɗaya ake ware mata.

Ga awon da ya fi yi mini daidai: giram 7 na Tieguanyin, ruwa mai zafin digiri 95 na Celsius. A ɗauraye kayan da ruwan zafi, a zuba ganye, a zubar da ruwan farko nan take. Jiƙon farko sakan 15, sannan a riƙa ƙara sakan 5. Ganye mai kyau yakan kai zagaye shida ko bakwai. Idan bauri ya fito, an bar ruwa ne a gindin kwano yana ci gaba da jiƙa ganyen, don haka a tsiyaye shi tas. Koren shayi na Longjing kuwa digiri 80 ya ishe shi. Ba a dafa ganye a wuta, ba a sa sukari.

Babban aibin kayan leɓen kwanon ne: bai buɗe sosai ba, yana ƙona yatsu. Maganinsa kada ruwa ya wuce inda murfi ke zama, a kama leɓe da babban yatsa da na tsakiya, manuni a kan murfi. Tiren ma yana cika da wuri, kuma in ba a shanya shi ba yana fumfuna.

Kofin rabo shi ya fi burge ni. A cikinsa ake juye shayin duka kafin a raba, don kada na wani ya fi na wani ƙarfi. Manya ake fara ba, mai gida a ƙarshe, ba a cika kofi fal, baƙo kuma yakan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu alamar godiya.

Ga zaman mutum uku zuwa huɗu ya cancanci saye. In sun kai shida, kowa kurɓi ɗaya zai samu, gara a nemi mai mililita 150.