Shagon da ya ɗinke mana Littafi Mai Tsarki na kakanmu

Watanni biyu da suka wuce na kai tsohon Littafi Mai Tsarki na kakanmu wani ƙaramin shagon ɗinkin littattafai a Sabon Garin Zariya, domin bangonsa ya ɓalle, gara kuma ta ci gefen Zabura. Fassarar 1932 ce, wadda Likita Walter Miller ya jagoranta, kuma kakanmu ya sami littafin a Wusasa bayan an yi masa baftisma, shi kaɗai a duk danginsa. A shafin farko ya rubuta sunayen 'ya'yansa da ranakun baftismarsu, mahaifinmu ya ɗora namu a ƙasa, ni ma na ƙara na 'ya'yana, har rubutun hannu uku ya haɗu a takarda ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai shagon bai datse gefen wannan shafi ba, sai ya bi shi da zare a hankali, sannan ya sa baƙin bango na fata. Ya yi alkawarin mako biyu, aikin ya ci wata guda, kuɗin ma da ɗan tsada, amma ranar Lahadi ɗiyata ta karanta mana Zabura 23 daga cikinsa ba tare da ko takarda ɗaya ta zame ba.