Tesla Model Y: motar ta yi, amma kuɗin da mai kamfanin fa?

Gaskiya in dai tuƙi ake magana Model Y, motar lantarki ta kamfanin Tesla, ba ta da matsala, kana taka totur ta zabura, ba ƙarar inji, ba zancen canjin bakin mai, wuraren cajinsu na Supercharger kuma suna da sauri sosai. Abu ɗaya da ban so ba shi ne komai sai ta allon nan na tsakiya, har madubin gefe sai ka shiga allo za ka gyara shi, haba.

Kuɗin ne ke karya gwiwa wallahi. A Amurka rangwamen harajin dala 7,500 da ake yi wa masu sayen motar lantarki ya ƙare a ƙarshen Satumban 2025, sai suka fito da wata mai "araha" wai, kusan dala 40,000, sun kuma zaftare mata kaya. Mai albashin wata ina zai kai nan? In ka tashi sayarwa ma darajarta ta zube sosai.

Sai kuma shi mai kamfanin, Elon Musk, ya zuba sama da dala miliyan 250 a zaɓen Trump na 2024, ya karɓi jagorancin DOGE, sashen rage kashe kuɗin gwamnatin Amurka, a 2025, ya je ya goyi bayan jam'iyyar AfD ta masu tsattsauran ra'ayi a Jamus, masu sayen motar lantarki da yawa kuwa ba ɓangarensa suke ba, hakan na cikin abin da ya sa cinikin Tesla ya faɗi a Turai a 2025, wasu har sitika suke liƙawa cewa sun saya tun kafin ya shiga siyasa. Abin na min ciwo don injiniyoyin sun yi aiki, ga kamfanin BYD na Chana ya wuce su a cinikin motocin lantarki a 2025.

Ni dai tauraro 3 cikin 5 na ba ta.