Sharhi kan kwas ɗin sabunta ilimi na masu ba ɗalibai shawarar shiga jami'a a Garwa

Shekara 11 ke nan ina aikin ba ɗalibai shawara a wata makarantar sakandare ta gwamnati a Garwa da ke arewacin Kamaru, tun bayan da na karɓi takardar DIPCO, wato shaidar ƙwarewa a aikin ba ɗalibai shawara, a babbar makarantar horar da malamai ta Marwa. A lokacin da na kama aiki babu Jami'ar Garwa, domin sai a 2022 aka kafa ta tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa, kuma yawancin takardun neman gurbi da hannu ake cike su. Yau kusan komai ya koma intanet, ni kuwa ilimin da na fito da shi daga makaranta shi nake ta juyawa. Wannan ne ya sa a babban hutun da ya wuce na biya sefa 90,000 daga aljihuna na shiga kwas na mako shida da wata cibiya mai zaman kanta ta shirya, inda ake haɗuwa a aji kowace Asabar, sauran darussan kuma a bi su ta waya ko kwamfuta.

Abin da ya fi kome amfani a kwas ɗin shi ne zaman duba dosiye, wato takardun da ɗalibi ke haɗawa don neman gurbi, kuma wata dattijuwa da ta yi ritaya daga irin aikinmu ce take jagorantarsa. A Asabar ta biyu ta ajiye mini takardun wani ɗalibi na gwaji, ta ce, "Malam, duba mana ka gaya mana ko wannan yaron zai wuce." Na duba makinsa na bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare, na ga ba shi da laifi, na ce, "Hajiya, ai wannan ya wuce." Ba ta ce uffan ba, sai ta ɗora yatsa a kan takardar haihuwa, sannan ta matsar da shi kan fasfo. A ɗaya an rubuta Ousmanou, a ɗaya kuma Usman, ranar haihuwar ma ta sha bamban da kwana goma, saboda takardar haihuwar ta biyo bayan hukuncin kotu ne da aka nema yaron yana gab da jarrabawar firamare. Duk wanda ya yi aiki a arewacin Kamaru ya san yawan yaranmu da ke cikin wannan hali, amma ni ban taɓa mayar da duba shi wani mataki na aikina ba sai ranar. Ta koya mana a fara gyara tun yaro yana ajin da ake rubuta jarrabawar Probatoire, shekara ɗaya kafin bakaloriya, domin idan aka bari sai sakamakon bakaloriya ya fito, lokacin rufe karɓar takardu zai riga kotu da ofishin magajin gari. Ko da wannan kaɗai na samu, da ban ce kuɗina ya faɗi ƙasa banza ba.

Sashen karatu a Faransa ma an yi shi da kyau. An bi da mu tsarin Campus France, hukumar da ake bi ta hannunta a nemi gurbin karatu a Faransa, daki-daki, daga buɗe asusu har hirar da ake yi da ɗalibi, aka kuma bayyana cewa mai neman shekarar farko ta digiri zaɓi uku kawai yake da shi, saboda haka ba wurin gwada sa'a ba ne. Malamin ya tilasta mana mu riƙa juya kowane kuɗi zuwa sefa kafin mu buɗe baki gaban iyaye. Tun 2019 Faransa ta ƙara kuɗin rajista ga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, inda aka fara da Yuro 2,770 a shekara ga digirin farko, ko da yake wasu jami'o'in suna yafe wani ɓangare. Da yake Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wannan ya haura sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, ban da haya da abinci da jirgi, alhali rajistar jami'ar gwamnati a nan gida sefa 50,000 ce. Idan uba ya ji lissafin da kuɗin da yake kashewa a kasuwa, shawarar da zai yanke takan bambanta da wadda zai yanke idan an ce masa "dubu biyu da wani abu".

Mako biyu cur aka ba Amurka da Ingila, ta hanyar bidiyo da Turancin Ingilishi, aka yi bayanin hanyoyin neman gurbi ta intanet, Common App na Amurka da kuma UCAS na Ingila mai zaɓi biyar. Bayanin daidai ne, sai dai a duk shekarun aikina ɗaliban da suka tambaye ni waɗannan ƙasashe ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

A nan ne babban ƙorafina yake. Yaranmu idan ba su tafi Ngaundere ko Marwa ba, Najeriya suke nufa, domin Yola ta fi Yawunde kusa da mu nesa ba kusa ba, wasu kuma su wuce Kano ko Zariya ko Maiduguri. Akwai kuma masu karatun Larabci da ke neman Azhar ko Madina ko jami'ar Musulunci ta Say a Nijar. Duk wannan yammacin Asabar ɗaya aka ba shi. An ambaci hukumar JAMB da jarrabawarta mai darussa huɗu da maki 400, wadda Ingilishi ya zama dole a cikinta, amma ba a tsaya kan yadda yaron da ya yi karatunsa kaf da Faransanci zai shirya mata ba. Batun daidaita takardar waje kuwa, wanda ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde take yi kafin a amince da digirin a aikin gwamnati ko gasar shiga manyan makarantu, a jimla biyu aka wuce shi. Ni kuwa na taɓa zama da wani dattijo a ofishina, ya zaro digirin ɗansa daga cikin leda, ya ce, "Malam, shanu huɗu na sayar a kan wannan takarda, yanzu an ce ba a san makarantar ba." Da an tambayi matsayin makarantar kafin yaron ya tafi, da shanun suna garke. Kwas ɗin da aka shirya a Garwa domin ma'aikatan Garwa ya kamata ya fara daga nan.

Ko a kan makarantun gida akwai sakaci. Jerin da aka raba mana ya kawo makarantun fasaha na ENSAI da IUT na Ngaundere, da makarantar ma'adinai ta Meiganga, da makarantar injiniya ta Marwa, amma har yanzu yana nuna tsangayar likitanci ta Garwa a ƙarƙashin Jami'ar Ngaundere, abin da ya nuna ba a taɓa takardar ba tun kafin 2022. Da na yi magana an ba da haƙuri, an kuma ce za a gyara.

Sai batun takardar shaida, wadda ita ce aka fi tallatawa. Ya kamata mai niyyar shiga ya sani cewa shaidar halarta ce kawai: ba ta maye gurbin DIPCO, ba ta ƙara matsayi ko albashi, kuma jarrabawar ƙarshe tambayoyi ne na zaɓi da mutum zai iya maimaitawa har sai ya ci. Abin mamaki, a darasin Amurka su da kansu suka gaya mana cewa ƙungiyar NACAC ta masu ba da shawarar shiga jami'a, wadda aka kafa a 1937, tana da rubutattun ƙa'idojin ɗa'a ga mambobinta, kuma mai riƙe da CEP, wata shaidar ƙwarewa ta masu irin aikinmu a Amurka, sai ya sabunta ta duk shekara biyar da hujjar cewa ya ci gaba da neman ilimi. Takardar cibiyar kuwa ba ta da wa'adi, ba ta kuma ɗora wa mai ita wani sharaɗi. A ajinmu akwai mutum biyu da ba su taɓa aiki a makaranta ba, sana'arsu nema wa mutane biza da gurbin karatu a kan kamasho, kuma takarda iri ɗaya aka miƙa mana. Ɗayansu ya riga ya sa tata a gilashi ya rataye a shagonsa, kuma uban da ya shiga ya gan ta ba shi da hanyar sanin cewa mako shida ne a bayanta.

Ga abokin aikin da ya daɗe bai sabunta iliminsa ba, ina ganin ya shiga, musamman idan makarantarsa za ta ɗauki rabin kuɗin, amma ya tanadi kuɗin data domin bidiyon suna da nauyi, ya kuma sauke su da dare tun da wutar lantarki ba ta da tabbas. Na rubuta wa cibiyar ina roƙon su rage makon Amurka da Ingila zuwa ɗaya, su ba Najeriya da daidaita takardu sauran, su kuma bambanta shaidar ma'aikacin makaranta da ta ɗan kamasho. Ban samu amsa ba tukuna. A makarantarmu dai na riga na karɓi takardun haihuwar ajin Probatoire na bana, kuma a cikin aji na farko da na duba na ware guda tara da sai an koma kotu.