Sharhi kan wani ofishin zanen gine-gine a Kano da yadda ya yi da gidan da nake buri

Duk wanda ya daɗe yana biyan kuɗin haya a Kano yana da wani gida da ya riga ya gama ginawa a cikin zuciyarsa, ya shafe shi da fenti, har ya zaɓi kusurwar da zai shimfiɗa dardumar sallah. Wannan sharhi ya shafi wani ofishin masu zanen gine-gine ne da ke cikin birnin, waɗanda sana'arsu ita ce su karɓi irin wannan gida na zuci su mayar da shi zane a takarda, wanda magini zai iya bi, hukuma kuma ta iya sanya masa hannu. Na biya kuɗina na yi aiki da su tun daga zaman farko har zuwa karɓar zanen ƙarshe, kuma a ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin sun yi gardama da burina a wuraren da ya kamata a yi gardama da shi.

Abin da na je da shi ba baƙon abu ba ne ga mai yawan duba hotunan gidaje a Instagram. Ina son bene, da falo biyu, na maza da na mata, da ɗakunan kwana biyar kowanne da bayinsa a ciki, da manyan tagogin gilashi daga ƙasa har sama, da irin rufin nan na yayi da ake ɓoye kwano a bayan bango. Ina kuma son garejin mota biyu, da ɗan ɗakin karatu, da sashe na musamman a ƙasa domin mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ba ya barinta hawa matakala. Duk wannan kuwa a kan fuloti ɗaya mai ƙafa 50 a 100, wato kimanin mita 15 a mita 30.

Shugaban ofishin, wanda ya nuna mini shaidar rajistarsa da ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gine-gine rajista a Najeriya, bai taɓa alƙalami ba a zaman farko. Tambayoyi ya yi ta jerowa: mutum nawa ke ci daga tukunyar gidan, da me ake girki, baƙin ƙauye kan kwana ko sukan juya a ranar, wa ke wanki kuma a ina ake shanya. Bayan haka ya ce cikin ladabi ba zai ja layi ko ɗaya ba sai uwargida ta zo da kanta, tun da ita ce ke wuni a gidan. Wannan sharaɗi shi kaɗai ya canza wajen rabin zanen. Ita ce ta nuna cewa kicin na ciki mai tayil da kantoci na girkin gas ne na yau da kullum, amma ranar suna ko biki ko buɗe-bakin jama'a, da za a ɗora manyan tukwane a kan icce ko gawayi, dole a sami madafi na waje mai rufi, kusa da sito, nesa da tagogin ɗakunan kwana saboda hayaƙi. Tambayar ko akwai niyyar ƙara aure kuwa, wadda ta shafi tsarin gida fiye da yadda mutane ke zato, sai da ya jira uwargida ta fita kafin ya yi mini ita, kuma na yaba da wannan basira.

Inda ofishin ya fi nuna ƙwarewa shi ne batun zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai digiri 40, kuma gidan da ba a yi wa wannan lissafi ba tun a takarda, mai shi zai ƙare rayuwarsa yana biyan kuɗin sanyaya shi. Fulotina yana kallon yamma, ɓangaren da na so a jera gilasai. Ya bayyana mini cewa gilashi kan bar hasken rana ya shiga amma ya riƙe zafin a ciki, kuma ranar la'asar ita ce mafi muni, domin tana zuwa ne ƙasa-ƙasa ta yadda baranda ba ta iya tare ta, sai ɗaki ya koma kamar tanderun mai burodi daidai lokacin da mutum ya dawo daga aiki yana neman hutu. Da yake tsawon fulotin ya miƙe daga yamma zuwa gabas, sai ya mayar da yawancin tagogi kudu da arewa, ya sa kowane ɗaki ya sami taga biyu masu kallon juna domin iska ta shiga ta fita, ya ɗaga silin ya haura mita 3, sannan ya buɗe ƙananan kafofi masu raga a can sama inda iska mai zafi ke taruwa. Bangon gabas ma ya sami kulawa ta daban, saboda hadarin damina a ƙasar Hausa galibi daga gabas yake tasowa, shi ya sa a tsofaffin gidajen cikin birni wannan bango ne ke fara zaizayewa kuma shi ake yawan sabunta wa yaɓe. A nan ya tsawaita bakin rufi, ya rage tagogi.

Rufin ɓoye kuwa ya ƙi shi fafur. Hujjarsa ita ce ruwan irin wannan rufi yana bi ne ta wata magudana a bayan bango, kuma ƙurar hunturu da ledoji kan toshe ta kafin ruwan farko ya sauka, daga nan ruwa ya tsaya ya riƙa tsatsafowa cikin bango da silin. Haka nan bai yarda da dogon rufin nan mai tsini da ya zama ado a sababbin unguwanni ba, wanda ke lashe katako da kwano masu yawa a garin da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar ba. Na gamsu da hujjojin biyu.

Shawarar da ta fi jawo muhawara a cikin iyalina ita ce ta yin bangon waje da matsattsen tubalin jar ƙasa, wanda ake gauraya wa ɗan siminti a matse shi da inji, maimakon bulon siminti mai rami. A wurin mutanenmu ginin ƙasa ya zama alamar rashin hali, kuma 'yan'uwa ba su ɓoye mini ra'ayinsu ba. Shi kuwa ya kafa hujja da abin da ido ke gani. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano na ƙasa ne, ya haura shekara ɗari yana tsaye, kuma wanda ya shiga cikinsa da tsakar rana ya san sanyin da ake nufi. Ginin bakan gizo da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu har yau masana na zuwa kallonsa. A Yamai kuma, rukunin gidajen Niamey 2000 da Mariam Issoufou da abokan aikinta suka zana an yi shi ne da irin wannan matsattsen tubali, domin mazauna birni na wannan zamani. Dalilin sanyin ba ɓoyayye ba ne: bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya isar da shi ciki sai dare ya yi, lokacin da za a iya buɗe tagogi. Shawarar daidai ce, amma a nan na fara ganin gazawar ofishin, domin da na nemi su haɗa ni da magina da suka iya jera wannan tubali da kuma mai injin da zai gwada ƙasar kafin a fara bugawa, ba su da kowa a hannu. Mai ba da irin wannan shawara ya kamata ya san wanda zai aiwatar da ita. Daga ƙarshe mun tsaya a kan harsashi da ginshiƙai na kankare, bangon waje na hawan ƙasa da matsattsen tubalin jar ƙasa, bayika kuma da bulo saboda danshi.

Falo na biyu ya tafi, amma abin da ya maye gurbinsa ya fi shi amfani. Ya zana soro na zamani a bakin get, mai ƙofa ɗaya ta waje da wata ta ciki da aka karkatar yadda wanda ke zaune ba zai hango tsakar gida ba, da bayinsa da wurin alwala. A nan maigida zai gana da baƙinsa, a nan malamin yara zai koyar, a nan kuma ɗan'uwan da ya zo daga ƙauye zai kwana ba tare da matan gida sun wuni da mayafi ba. Ɗakuna suka dawo huɗu, gareji ya koma rumfar mota ɗaya, kuma filin da aka samu ya zama tsakar gida ta gaske wadda ginin ya kewaye ta gefe uku. Ya ba da shawarar kada a malale ta duka da intalok, domin siminti na riƙe zafi har cikin dare, a bar wani yanki da yashi inda za a shimfiɗa tabarma bayan isha'i, a dasa lemun tsami da gwaiba da zogale, darbejiya kuma a fitar da ita ƙofar gida saboda saiwarta na fasa gini. Sashen mahaifiyata ya fito ba tare da dandamali ko ɗaya ba, da ƙofofi masu faɗin da keken marasa lafiya zai iya wucewa, da ƙarfen dafawa a bayi. Ban tuna masa batun alƙibla ba, amma da na duba zanen sai na tarar duk masai na gidan yana kallon kudu ko arewa, babu wanda ya fuskanci gabas ko ya ba ta baya.

A batun ruwa sun yi abin da masu zane da yawa ba sa yi, wato zuwa filin da ƙafarsu. Masana lafiya kan ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, abin da ke da wuya a fuloti mai tsawon mita 30, don haka suka ajiye rijiyar burtsatse a wata kusurwa ta gaba, ramin kuma a kusurwar baya da ke ɗaya gefen, bayan sun tambayi maƙwabta inda nasu ramukan suke. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi, saboda haka suka tanadi gefen rufi mai kallon kudu domin faifan sola, da ɗan ɗaki mai shan iska na batura da inbata, da layin waya na daban domin fitilu da fankoki da firji. Injiniyansu mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya lissafa harsashin yadda zai ɗauki bene, amma aka tsara aikin ta yadda za a iya gama hawan ƙasa a tare a ciki, na sama kuma ya jira buɗi. Ga ma'aikacin albashi, wannan tanadi ne ke hana gini zama kango.

Ƙorafina na farko shi ne saɓa alkawari a kan lokaci. Ranar da suka sa ta wuce, aka sake sa wata ita ma ta wuce, kuma babu wanda ya kira ya ba da haƙuri sai da na bi sawu da kaina. Na biyu shi ne hoton kwamfuta mai nuna yadda gidan zai kasance, wanda ake biyan kuɗinsa daban. Hoton ya yi kyau, amma ya zo da koriyar ciyawa da wasu itatuwa da ba a san su a Kano ba, babu tankin ruwa, babu igiyar shanya, babu wayar lantarki, kuma bai ƙara mini sanin komai a kan abin da zanen takarda ya riga ya nuna ba. Wanda kuɗinsa ke da iyaka zai iya haƙura da shi. Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne takardar ƙiyasin kuɗin gini, wadda aka cika ta da farashin siminti da rodi na watannin baya, ba a ko rubuta ranar da aka ɗauki farashin ba. A kasuwar da kuɗin buhun siminti ke iya canzawa tsakanin Juma'a da Juma'a, abin da ke da amfani ga mai gini shi ne adadi: buhu nawa, rodi nawa kuma mai wane kauri, tifar yashi da tsakuwa nawa, bandir ɗin kwano nawa. Sai da na nace kafin suka sake fitar da ita a wannan tsari. Sun kuma manta da turken ragon layya da akurkin kaji, sai daga baya aka matsa musu wuri a bayan madafi.

Ta fuskar takardu ba ni da abin faɗa sai alheri. Ba su fara aiki ba sai da suka ga takardun filin da taswirar safiyo, suna masu tunatarwa cewa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna ne, kuma takardar cinikin da aka rubuta a gaban shaidu ba ita ce takardar mallaka ba. Su suka haɗa zanen gini da na ƙarafa da na lantarki da na famfo suka shigar a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, domin neman izinin gini, kuma kuɗin hukuma daban yake da nasu, kowanne da rasidinsa.

Kuɗin aikin nasu kashi uku ake biya, a farko da bayan amincewa da zanen gwaji da kuma lokacin karɓar na ƙarshe, kuma idan aka auna shi da abin da gyaran kuskure ɗaya a harsashi zai ci, ba shi da yawa. Sai dai duba aiki a wurin gini ba ya cikin wannan kuɗi, kuma ba su faɗi haka ba sai da muka zo ƙarshe. Wanda zai je wurinsu ya nemi a rubuta ranakun miƙa zane a cikin yarjejeniya, ya kuma daidaita da su tun farko a kan kuɗin zuwa duba aiki aƙalla a matakai uku: kafin a zuba kankaren harsashi, kafin a zuba linta, da kuma bayan an ɗaure rodin dekin kafin a rufe shi da kankare.